Ranar da Na Wanke Muryar 'Yan Toka

Kwanan baya a wajen wata walimar suna, ina durƙushe ina naɗe waya bayan taro ya watse, ɗan wani abokina ya tsaya a kaina ya ce, "Baba Injiniya, duk wannan wahalar fa akwai af a wayar hannu da ke yin ta. Ka zuba murya mai datti, ka danna, ta fito fes. Tu minits." Na ce masa Allah ya yi albarka, ya ƙara ilimi. Shi da ire-irensa nake wa wannan rubutu, idan har za su iya karanta Hausar da tsawonta ya wuce saƙon waya. Zan ba ku labarin wata ƙungiyar makaɗa da ta yi wata goma sha ɗaya a duniya, ta yi faifai ɗaya, ta mutu a cikin shagona da rana tsaka. Ni na kashe ta, kuma da aiki mai kyau na kashe ta. Sunayen yaran duk na canza su.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Malam Iliya mai rediyo a Fagge shi ne naɗe waya. Wata shida ban taɓa maɓalli ba. Naɗi ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙasa, don kada waya ta murɗe ta karye a ciki inda ido ba ya gani. Bayan nan aka ba ni auduga da sifirit in riƙa goge kan kaset, sannan ƙarfen narka dalma, wanda tabonsa yana nan a babban yatsana har gobe. Idan muka je haɗa lasifika a wajen wa'azi, Malam Iliya ba ya barina kusa da na'ura. Can bayan taro yake tura ni, wajen masu sayar da rake, ya ce in tsaya in saurara, in dawo in maimaita masa abin da malamin ya faɗa kalma da kalma. Idan na rasa ɗaya, sai ya murɗe min kunne tukuna, sannan ya je ya juya bakin lasifikar. Dokarsa guda ce: duk wanda ya yi magana a makirufonka ba a ji shi ba, ka ci amanarsa. Da wannan doka na girma, da ita na hau jirgi.

A Greensboro, can Amurka, shekara takwas na yi ina ɗaukar kwali a wani sito, wikend kuma ina haɗa wa mutanenmu sauti a biki da suna da walimar saukar karatu. Daga baya na kama ɗan shago a Gate City Boulevard, tsakanin wani filin sayar da tsofaffin motoci da kantin Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, mai sayar da garin kwaki da busasshen kifi. Kayana ba su da yawa: miksa mai layi goma sha shida, makirufo takwas, lasifika huɗu, da buhun waya. Ku da kuke cewa aikin danna maɓalli ne, ban ga afin da zai lallashi uwar amarya ba idan ta rantse sai an ajiye lasifika a jikin teburinta, sannan ta aiko a ce min ana fasa mata kunne. Ban ga wanda zai koya wa wani Alhaji cewa ba a riƙe makirufo a cibiya ba, ko ya hana shi buga masa yatsa sau biyar yana tambaya ko ana jin sa. Idan sauti ya yi kyau, babu wanda ya san ka zo wajen. Lasifika ta yi ƙara sau ɗaya, kowa ya juyo, har garinku sai an tambaya.

Sai shekarar korona ta zo. Biki ya tsaya, suna ya koma ta waya, kowa na zaune a falonsa yana ihu a fuskar kwamfuta, kuma babu mai neman injiniya. Lasifikata suka yi ƙura. Ina zuwa shago kullum da safe kamar mai aiki, in kwance abin da bai lalace ba in mayar, Alhaji Isufu ya leƙo da kofin shayi ya ce, "Malam Bala, yau ma kana fama da kastomomi?" Ba yunwa ce ta fi damuna ba a shekarar, hannuna ne ke ƙaiƙayi. Ku riƙe wannan, domin mai sana'ar da ya daɗe bai nuna gwanintarsa ba abin tsoro ne.

A farkon sanyin shekarar, wata Talata bayan la'asar, samari huɗu Turawa suka shigo min, baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, gashi har kafaɗa, bel duk ƙusa. Na miƙe na matsa kusa da ƙofar baya. Sai na gaba ya goge takalminsa a bakin ƙofa ya ce, "Barka da yamma, yallaɓai, ko muna iya ɗaukar minti biyar daga lokacinka?" Wannan shi ne Taila, mawaƙinsu, ɗan wani likitan haƙori a Irving Park, unguwar da ciyawar ƙofar gida ta fi gashin kaina samun kulawa. Mai ganga Kodi, daga Summerfield, inda mahaifiyarsa ke kiwon dawaki. Sauran biyun a jami'a suka haɗu da su: mai jita, wanda na sa wa Dogo, da mai jitar bes, wanda ban taɓa jin ya haɗa kalma uku ba, na sa masa Shiru.

Suka miƙo min kati mai sunan ƙungiyarsu. Na duba, na juya shi ƙasa, na sake dubawa, ban ga harafi ko ɗaya ba sai wani abu kamar saiwar bishiya da aka tumɓuke. Taila ya ce da alfahari ai haka ake so, idan suna ya karantu an yi asara. A bayan katin akwai hotonsu a cikin daji, fuskoki a shafe da fari, idanu a zagaye da baƙi. Daga baya na gano dajin bayan filin golf ne. Alhaji Isufu da ya leƙo ya ga hoton ya ce, da ɗan Faransancinsa na mutanen Nijar, "Bon, waɗannan toka suka shafa ko rashin lafiya ce?" Daga ranar suka zama 'Yan Toka, kuma shi ne kaɗai sunansu da na taɓa iya faɗa.

Kiɗan da suke yi sunansa bilak metal. An ce daga ƙasashen ƙanƙara na arewacin Turai ya fito. Mai ganga yana duka kamar ana bin sa bashin rai, jita tana kuka irin na injin markaɗe, mawaƙi kuma yana ihun wanda ƙofar mota ta datse wa yatsa. Jigonsa duhu da kabari da hunturun da ba ya ƙarewa, wanda ya dace ƙwarai da garin da ake rufe makarantu idan ƙanƙara ta rufe tafin takalmi. Tarihinsu kafin su zo wajena ba shi da tsawo. Sun kafu wata guda kafin a rufe gari, ka ji sa'a. Sun yi wasa sau biyu. Na farko a bargar dawakin su Kodi, 'yan kallo doki uku da kakarsa. Na biyu a wajen fakin na wani shagon taya ranar Lahadi da rana, mutum bakwai suka zo, kowa da takunkumi. Ɗan sanda ya tsaya ya ce maƙwabta sun yi ƙorafi, sarakunan duhu suka ba shi haƙuri suka kwashe kayansu, har da share wajen.

Abin da ya kawo su shi ne sun ji labarin ina da tsohuwar na'urar kaset da wani makirufo da na zo da shi daga Kano, wanda ko a wajen suna na daina fitar da shi don kunya. Taila ya ce, "Muna so faifan ya fito kamar a cikin rijiya aka ɗauke shi." Ya kunna min irin wanda suke sha'awa. Na tashi na duba bayan lasifikata, na ɗauka takardarta ce ta yage. Ya ce a'a, haka yake, kuma wannan a wajensu shi ne ƙarshen kyau. Shekara talatin da wani abu ina yaƙi da wannan ƙarar, yau ga masu neman ta da kuɗinsu.

Na ce ina da sharaɗi. Idan akwai zagin Allah ko annabawa, ko kiran shaiɗan, ga ƙofa nan. Kodi ya ce shi duk Lahadi shi ke kai kakarsa coci. Na ce to a ba ni waƙoƙin a rubuce in gani. Nan Taila ya canza fuska. Ya ce ba ya ba kowa, ko su abokansa ba su taɓa gani ba, amma ya yi min alkawari babu Allah babu shaiɗan a ciki.

"Ni ma ina da sharaɗi ɗaya," in ji shi. "Muryata ta zauna a ƙasa, can ƙarƙashin jita. A ji ihu, kada a ji kalma. Ko guda ɗaya."

Na ce, "To."

Ku da kuka tashi a gidan Hausawa kun san irin wannan to ɗin. Shi bai sani ba, ya miƙo hannu muka gaisa.

Ranar ɗauka Asabar ce da hantsi, a bargar nan ta Summerfield. Sanyi kamar ya tsinke yatsa, na ce a kunna hita, suka ce a'a, so suke sanyin ya shiga cikin kiɗan. Suka ɓata awa guda a gaban madubin mota suna shafa fenti a fuska, don aikin da kunne kaɗai zai ji. Ni kuwa na rataye tsohon makirufon a katakon rufi, na ja wayarsa zuwa kaset, yadda suka nema. Daga nan na shiga aikina na gaskiya. Na jera damin ciyawa na kewaye ganga, na rataya bargunan dawaki tsakanin mai jita da mai bes don kada sautin wani ya zubo cikin na wani, na sa wa kowa makirufonsa mai kyau. Mafi kyawun cikinsu na kafa shi yatsa huɗu daga bakin Taila, na sa masa safa don iska, na ja wayoyin duka zuwa kwamfuta a bayan wani dami. Dogo ya tambaya na mene ne waɗannan. Na ce don in riƙa jin su a hedfon ne kawai. Ƙarya na yi, kuma ko a jikina, domin a ganina taimakon yara nake yi waɗanda ba su san abin da ya dace da su ba.

Da azahar ta yi na ɗaga hannu suka tsaya. Taila, da fuskarsa ta gawa, ya ruga cikin gida ya kawo min ruwan ɗumi a jug don alwala, ya shimfiɗa min bargo mai tsabta, suka yi tsit har na sallame. Mahaifiyar Kodi ta kawo biskit da koko mai zafi, rundunar kabari ta zauna a kan ciyawa tana sha a hankali don kada fenti ya goge. Waƙa shida muka ɗauka. Bayan ta uku Taila ya fita ya daɗe a tsaye a jikin shinge, ya ba mu baya. Na ce maƙogwaro ne, wa zai yi irin wannan ihun bai nemi iska ba.

Kaset ɗinsu a yini ɗaya na gama shi, domin babu abin yi a kai sai juya shi zuwa faifai. Na ce musu sai bayan sati uku. A sati ukun nan na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Murya da jita a waje ɗaya suke zama a cikin sauti, sai ka rage wa jita daidai inda murya take, ba tare da ka kashe ta ba. Mai ihu yana haɗiye ƙarshen kalma, sai ka bi kalma ɗaya ɗaya, ka nemo ɗan harafin da ya maƙale a haƙori, ka ɗaga shi, ka sauke numfashin da ya biyo baya. Minti ɗaya na waƙa yakan ci min yini. A hanya na gano abubuwa. Kodi yana fara kowace waƙa a tafiya ya ƙare a guje. Shiru kuwa, a waƙa biyu cikin shida, wata waƙar daban yake kaɗawa, kuma wata goma babu wanda ya lura.

Sai kalmomin suka fara fitowa. Yaron ya cika alkawari, babu shaiɗan, babu ma hunturun. Suna ɗaya ne ke ta dawowa, Daniyel. Ƙaninsa ne. A waƙa ta uku ya ba da labarin duka. Shekara biyu kafin nan suna dawowa gida cikin ruwan sama, shi ke tuƙi, motar ta bar titi ta daki bishiya, ƙanin ya rasu. Ya gaya wa 'yan sanda da iyayensa cewa barewa ce ta gitta. Babu wata barewa. Saƙo yake karantawa a waya. Wannan shi ne abin da yake kurma wa ihu a gaban dawaki da masu shagon taya, yana faɗa da iyakar ƙarfinsa a wajen da ya tabbata babu mai ji.

Na ji, kuma na fahimta sarai, kada wani ya ce Turanci ne ya ba ni matsala. Na dai samo wa kaina dalilai. Na ce mawaƙa ai ƙirƙira suke yi. Na ce ko da gaske ne, mu a gida idan aka yi rasuwa tabarma ake shimfiɗawa kwana uku, kowa ya zo, a faɗi yadda abin ya faru a sake faɗa, har bakin mai rashi ya saba. Na ce yaron nan abin da ya rasa ke nan, masu ji. Duk wannan ado ne. Gaskiyar ita ce waƙa ta uku ta fito tas, kowane harafi a tsaye, kuma na ƙagu wani ya ga hannuna.

Alhaji Isufu kaɗai na gaya wa cewa na yi musu wani faifan na daban, ban faɗa masa abin da ke ciki ba. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Malam Bala, abin da suka ce ka yi, yi musu shi, wala, shi ke nan. Ni idan mutum ya ce garin kwaki, ba na auna masa shinkafa don ta fi daɗi." Na ce masa ya tsaya a kan kifinsa, sauti ba fanninsa ba ne. Ya ce, "Dakor," wato to, ya ɗauki kofinsa ya fita.

Suka zo ranar Juma'a bayan na dawo daga masallaci, babu fenti, yara ne kawai masu ƙurajen fuska. Na fara kunna musu na kaset. Ƙara ta cika shagon, ba ka jin komai sai guguwa da wani abu can ƙasa kamar ana yanka akuya a gidan maƙwabta. Murna kamar su tashi sama. Dogo yana dukan kafaɗar Kodi yana cewa, "Kamar daga kabari!" Taila ya lumshe ido yana murmushi, ya ce, "Yallaɓai, ka gane mu." Da na miƙa musu faifan a nan na yi sallama da su, da yanzu wataƙila suna nan suna damun dawaki.

Na ce, "Ku dakata. Ina da tsaraba."

Na danna waƙa ta uku. Da farko dariya aka yi, domin ganga da jita sun fito kowa a fili, Dogo ya juya ya ce wa Shiru, "Kai, wace waƙa kake kaɗawa a nan?" Sai murya ta shigo, a sama, a sarari, kamar yaron yana tsaye a gabanka yana maka magana. Taila ya miƙe zumbur ya ce, "Kashe." Ni kuwa ina tsaye da murmushina, ina jiran su kai wajen da na fi shan wahala. Ya sake cewa, "Don Allah kashe!" Kafin hannuna ya kai, baitin da ya ce babu wata barewa ya riga ya fita, har sau biyu, domin sau biyu ya faɗe shi a waƙar.

Dogo da Shiru ba su ma san yana da ƙani ba. Kodi ya sani. Tare suka tashi, shi ya koya wa Daniyel hawan doki, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Ya dubi Taila ya ce a hankali, "Ka ce barewa ce."

Ni Taila ya duba. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Abu ɗaya na roƙe ka." Ya ɗauki jakarsa ya fita, ya ja ƙofar a hankali. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, ina tsaye da furfurata a gaban yara uku, na rasa inda zan sa idona.

Ba faɗa suka yi ba, ba a ma yi taron rabuwa ba. Kodi ya gaya min daga baya cewa sun gwada haɗuwa sau ɗaya a barga, aka fara kiɗa, Taila ya buɗe baki ya ga su ukun suna kallon sa da tausayi, ya ajiye makirufo ya tafi. Ba a yin wannan ihun a gaban wanda ya san abin da kake faɗa. Bayan wata biyu ya bar garin ya koma wata jiha. Dogo ya ɗora faifan kaset ɗin a intanet, wasu mutane a ƙasashen ƙanƙara suka yi ta yabo, wai an daɗe ba a ji sauti na gaskiya irin wannan ba, a gaida injiniyan. Yabo mafi girma da na taɓa samu a sana'ata ke nan, a kan aikin da na yi da makirufon da ya kamata a jefar tun a Fagge.

Da bazara ta shigo, wata safiya wani dattijon Bature ya yi fakin a ƙofar shagona, ya shigo yana riƙe da hularsa. Tun kafin ya faɗi sunansa na gane shi, idanun ɗansa ne. Mahaifin Taila ne, likitan. Ya ce mahaifiyar Kodi ta gaya masa faifan yaran a kan Daniyel yake, iyakar abin da Kodi ya faɗa mata ke nan, kuma ta ce akwai wani da na yi wanda ake jin maganar.

"Tun da abin ya faru bai ambaci sunan ƙaninsa a gabana ba," in ji shi. "Yanzu ma mahaifiyarsa kaɗai yake kira. An ce a nan ya faɗi sunan sau da yawa. Ina so in ji yadda yake faɗa, shi ke nan."

Fayil ɗin yana nan a kwamfutar da ke kan teburin, bai kai taku biyu daga gwiwarsa ba. Wata huɗu ban goge shi ba. Kullum sai in ce gobe, domin ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba. Tausayin mutumin ya kama ni ƙwarai, ni ma uba ne, kuma abin da ya roƙa ba shi da yawa.

Na ce, "Likita, ba a faɗa maka daidai ba. Guda ɗaya ne, kuma ga shi."

Na kunna masa na kaset. Ya ja kujera ya zauna dab da lasifika, ya kara kunnensa, mutumin da na tabbata ko rediyon motarsa ba ya ƙure wa murya. Waƙa shida ya saurara bai motsa ba. A ta uku na ga leɓensa yana motsi, yana ƙoƙarin kama wani abu a cikin guguwar, bai kama ba. Da ta ƙare ya share ido ya ce, "Ba za ka iya ɗan wanke shi ba? Ko kaɗan. An ce duk garin nan babu kamarka."

Na ce, "An yaudare ka, Likita. Ni lasifikar biki nake haɗawa. Wannan ya fi ƙarfina."

Tun da na fara naɗe waya ban taɓa faɗa wa wanda ya kawo min aiki wannan maganar ba, kuma ban ji daɗin faɗar ta ba. Ya gyaɗa kai, ya ce ya gane, ya roƙi in ba shi kwafi ɗaya. Na ba shi. Ya shiga motarsa bai tayar ba, gilashi a rufe, ina jiyo gangar Kodi tana dukan ƙofar motar daga inda nake. Yana zaune a nan na buɗe kwamfuta na nemo fayil ɗin, na danna gogewa. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Sati uku na yi ina aikin nan, kuma duk duniya, ban da ni, mutum huɗu ne suka taɓa jin sa, su ma ba sa magana da juna.